Shin dole ne kamfanin fasaha ya rasa halinsa idan ya yi saurin girma?

Injiniyan Manhaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da nake so mu tattauna a kanta, da yake a cikinmu akwai waɗanda suka daɗe a harkar kamfanonin fasaha, akwai kuma waɗanda suke riƙe da ma'aikata a hannunsu. Kamfanin da nake yi wa aiki, wanda ba zan ambaci sunansa ba, yana da ma'aikata kusan 40 lokacin da aka ɗauke ni, yanzu kuwa mun haura 300, kuma duk wannan ya biyo bayan shigowar masu zuba jari ne. Albashi ya ƙaru, kayan aiki sun inganta, ba ni da ƙorafi ta wannan fuska. Abin da ya dame ni shi ne yadda zaman wurin ya sauya. A da idan matsala ta taso, mutum yakan tashi ya je wurin wanda abin ya shafa, su kashe magana a tsaye. Yanzu kafin a sauya ƙaramin abu a manhaja sai an yi taro bayan taro, kuma a ƙarshe ba a san wanda ya yanke shawarar ba. An rubuta mana wasu kyawawan ɗabi'u an liƙa a bango, ciki har da mutunta juna, amma wanda aka yi wa ƙarin girma a sashenmu mutum ne da kowa ya san yana yi wa na ƙasa da shi tsawa a gaban jama'a, sai dai yana kammala aiki a kan wa'adi. Tambayata ita ce, wannan lalacewa dole ce ga duk kamfanin da ya girma da sauri, ko kuwa gazawar shugabanninmu ce?

Tsohon Manaja:

Wa alaikumus salam Malam Injiniya. Tambayarka ta haɗa abubuwa biyu, kuma ya kamata a raba su. Na farko, wato yawan tarurruka da jinkirin yanke shawara, lissafi ne zalla, ba laifin kowa ba ne. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin babbar manhajar kamfanin IBM a shekarun 1960, ya bayyana a 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara yana ƙara makarar da shi ne. Dalilinsa shi ne sababbin shiga suna buƙatar tsofaffi su bar aikinsu su koya musu, sannan hanyoyin magana tsakanin mutane suna ninkuwa fiye da yadda mutanen kansu suke ƙaruwa. Ka ɗauki adadin da ka ba mu. Tsakanin mutum 40 akwai hanyoyi 780 da mutum biyu za su iya haɗuwa, tsakanin mutum 300 kuwa hanyoyin sun kai 44,850. Mutane sun ninku sau bakwai da rabi, hanyoyin magana sun ninku fiye da sau hamsin. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma ban san inda maganar ta fi dacewa ba kamar a nan.

Akwai kuma abin da masanin nan na Birtaniya, Robin Dunbar, ya kawo a farkon shekarun 1990, cewa ɗan Adam yana iya riƙe dangantaka mai ɗorewa da kimanin mutum 150 ne kawai. Masana suna gardama a kan ainihin adadin, amma duk wanda ya zauna a kamfanin da ya tsallake wannan iyaka ya san ranar da ya fara haɗuwa da fuskokin da bai sani ba a cikin ofishinsa. Don haka ina ganin wani ɓangare na abin da kake kira halin kamfani ƙanƙanta ce kawai. Kun san juna ne saboda ba ku da yawa, kuma wannan ba zai dawo ba ko da shugabanninku waliyyai ne. Batun mutumin da aka ƙara wa girma kuwa, wannan wani abu ne dabam, kuma na bar shi ga Hajiya Mai Kula da Ma'aikata da ta fi ni saninsa.

Mai Kula da Ma'aikata:

Na gode Alhaji. Lissafinka daidai ne, amma ina tsoron kada shugabanni su fake da shi, domin na sha jin ana cewa girma ne ya kawo haka a wuraren da sakaci ne ya kawo.

Ga abin da yake faruwa a zahiri. Idan kamfani zai tashi daga mutum 40 zuwa 300, kuma kowane shugaban rukuni zai riƙe mutum bakwai ko takwas, to ana buƙatar manajoji kusan 40 inda a da biyar sun isa. Daga ina za a samo su cikin gaggawa? Ana duba injiniyoyin da suka fi ƙwarewa a ce musu daga yau ku ne manajoji, ba tare da an koya musu yadda ake sauraron koke, ko yadda ake gaya wa mutum aikinsa bai yi ba ba tare da an ci masa mutunci ba. Sai kamfani ya yi asara biyu, ya rasa injiniya nagari, ya samu manaja marar horo. Shi kuwa ƙaramin ma'aikaci, ba ruwansa da jawabin shugaban kamfani na ƙarshen wata. Manajansa ne yake ba shi aiki, shi yake amince masa da hutu, shi yake rubuta rahoton da za a ƙara masa albashi da shi. A wurinsa manajan nan shi ne kamfanin.

Google ma ta taɓa raina wannan matsayi. A farkon shekarun 2000 sun cire manajojin injiniyoyi gaba ɗaya, amma cikin 'yan watanni suka mayar da su, saboda kowace ƙaramar rigima tana ƙarewa ne a teburin waɗanda suka kafa kamfanin. Daga baya suka yi bincike a kan manajojinsu, suka fitar da halaye takwas na manaja nagari, kuma ƙwarewar fasaha ce ta zo ta ƙarshe a jerin, iya horar da mutum da tarbiyyarsa a kan aiki ne ya zo na farko. Wani bincikensu da ya fara a 2012 a kan rukunoni 180 ya nuna cewa abin da ya fi bambanta rukuni mai nasara shi ne mutum ya iya yin tambaya ko ya faɗi kuskurensa ba tare da tsoron wulaƙanci ba. Farfesa Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta riga su bayyana wannan tun a shekarun 1990, lokacin da ta lura a asibitoci cewa rukunonin da suka fi kyawun shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai, domin su ba sa ɓoyewa.

Mutumin da aka ƙara wa girma a sashenku, Malam Injiniya, shi ne ainihin sanarwar kamfaninku, rubutun bango kuwa ado ne. Kowa a sashen ya fahimci cewa tsawa ba ta hana ci gaba muddin aiki ya fita. Mun ga inda irin wannan yake kaiwa. A watan Fabrairun 2017 wata injiniya mai suna Susan Fowler ta wallafa abin da ya same ta a Uber, kamfanin manhajar kiran motar haya, inda ta ce ta kai ƙarar manajanta a kan cin zarafi, sai sashen kula da ma'aikata ya gaya mata cewa mutumin ƙwararre ne mai kawo sakamako, don haka ba za a yi masa wani babban hukunci ba. Kafin ƙarshen watan Yunin shekarar an sallami fiye da mutum 20, tsohon babban lauyan gwamnatin Amurka Eric Holder, wanda kamfanin ya ɗauka ya binciki lamarin, ya miƙa rahotonsa, shugaban kamfanin Travis Kalanick kuma ya sauka. Yawan ma'aikata bai tilasta wa kowa ya kare wancan manaja ba, shawara ce wasu suka yanke.

Sabuwar Shiga:

Ina neman afuwa daga manyana, amma ina so a ji ta bakin waɗanda suka shigo daga baya, domin mu ne mafi yawa a irin waɗannan kamfanoni. Yaya Injiniya yana kewar lokacin da ake kashe magana a tsaye. Mu kuwa wannan al'ada ce take wahalar da mu. A inda nake aiki, tsofaffin ma'aikata suna yanke shawara a tsakaninsu ta saƙon sirri, sai mu wayi gari mu tarar an sauya abin da muka yi mako guda muna ginawa. Idan na tambayi dalilin da ya sa aka tsara wani sashe na manhaja yadda yake, sai a ce in tambayi wane, shi kuma wane yana cikin taro ko ya bar kamfanin. Babu inda aka rubuta komai. Abin da ya fi ciwo shi ne idan muka yi kuskure saboda rashin wannan bayani, sai a ce sababbin da ake ɗauka yanzu ba su kai na da ba. Ina ganin tsohon halin da ake yabo ya yi wa mutum 40 daɗi ne saboda su kaɗai suka san shi.

Injiniyan Manhaja:

Ƙanwata, na ji ki, kuma abin da kika faɗa yana faruwa. Sai dai ki sani cewa lokacin da muke 40 ɗin nan, da mun tsaya rubuta dalilin kowace shawara, da kuɗin kamfanin ya ƙare kafin mu fitar da abin sayarwa, kuma da babu kamfanin da zai ɗauki kowa daga baya. Tsoron da nake yi shi ne kada rubuce-rubuce ya zama shi ne aikin, mu koma irin ofisoshin da muka gudu daga cikinsu.

Injiniyar Rumbun Bayanai:

Malam Injiniya, tsoronka yana da tushe, amma akwai bambanci tsakanin takardar neman izini da takardar ajiye sani. Ta farko tana tsayar da kai har sai wani ya sa hannu. Ta biyu tana sa ka wuce ba tare da ka jira kowa ba. Yawan tarurrukan da kake kuka da su, galibinsu ana yin su ne saboda babu ta biyun, don haka dole a tara mutane a sake faɗin abin da ya kamata a ce yana rubuce. Kamfanin manhaja na GitLab, wanda ma'aikatansa suke warwatse a ƙasashe da dama ba tare da ofis na haɗuwa ba, ya zuba tsarin aikinsa a kundi ɗaya da kowa zai iya karantawa a intanet, kuma ƙa'idarsu ita ce a fara sauya kundin kafin a sanar da sauyi.

Tunda na ambaci GitLab, bari in kawo abin da ya faru da su a ƙarshen Janairun 2017, domin ya shafi maganar Hajiya a kan tsoro. Wani injiniyansu, yana aiki cikin dare a gajiye, ya goge bayanai daga babban rumbun da masu amfani da manhajar suke dogaro da shi, alhali yana zaton yana kan rumbun ajiya ne. Da aka juya ga hanyoyin da aka tanada na dawo da bayanai, sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki kuma ba wanda ya lura, har aka yi asarar bayanan kusan awa shida. Kamfanin ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, ya wallafa cikakken rahoto, kuma bai kori injiniyan ba. Mu da muke aikin ko-ta-kwana mun san hikimar hakan. Idan tsari ya bar mutum ɗaya da ya gaji ya iya rusa komai da umarni ɗaya, to tsarin ne ke buƙatar gyara, kuma idan ka kori mutumin, na gaba da ya yi kuskure zai yi shiru har wutar ta ci gaba da ci. A kamfani mai saurin girma, inda rabin masu taɓa rumbun bayanai sababbi ne, wannan shiru ya fi kowane kuskure tsada.

Ko Facebook, da takensu na farko yake kira da a yi sauri ko da za a fasa abubuwa, sun sauya shi a 2014 zuwa a yi sauri a kan ingantaccen gini. Sun kai girman da gyaran abin da aka fasa yake cin lokaci fiye da wanda saurin ya ceto.

Mai Kamfani:

Na karanta komai, kuma tunda babu wanda ya yi magana da yawun masu kafa kamfani, bari in yi. Ku tuna cewa kamfani mai saurin girma yawanci bai fara cin riba ba. Yana rayuwa ne da kuɗin masu zuba jari, wanda aka saba lissafa shi ya kai wata 18 zuwa 24, kuma kafin ya ƙare dole a nuna ci gaban da zai sa a sake ba da wani. Idan ba a nuna ba, ba maganar hali ake yi ba, maganar rufe ƙofa ake yi. Hajiya ta ce a horar da manajoji, na yarda, amma wanda ke kallon asusun banki yana raguwa kowane wata yana auna kowane mako da wani ma'auni dabam. Shi ya sa mutumin da ke kammala aiki a kan wa'adi yake da daraja a idonmu, ko da halinsa yana da gyara.

Ni abin da nake ganin ya fi adalci shi ne a faɗa wa mutane gaskiya tun ranar ɗauka. A 2009 Netflix ta fitar da bayanin tsarinta na aiki, wanda shugabanta na lokacin Reed Hastings da mai kula da ma'aikatanta Patty McCord suka tsara, inda suka ce su ƙungiyar wasa ce, ba iyali ba, za su biya albashi mafi tsoka a kasuwa, wanda aikinsa ya tsaya a matsakaici kuma za a ba shi kuɗin sallama mai kauri a rabu lafiya. Wasu suna ganin wannan rashin tausayi ne. Ni ina ganin ya fi yaudarar da ake yi wa ma'aikata da cewa mu 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya zaɓi irin wannan wuri ya san zai yi dogon aiki, kuma ana ba shi hannun jari a madadin wahalarsa.

Mai Kula da Ma'aikata:

Yallaɓai, na yarda da kai a kan faɗin gaskiya, amma ka ɗauki rabin maganar Netflix ka bar rabi. A cikin wannan bayanin nasu sun faɗa ƙarara cewa ba sa riƙe haziƙin da ke wulaƙanta abokan aiki, saboda ɓarnar da yake yi wa haɗin kai ta fi amfaninsa. Wato misalin da ka kawo da kansa ya ƙi mutumin da kake karewa. Kuma lissafin kuɗin ma bai goyi bayanka ba, domin duk injiniyan da ya ajiye aiki saboda tsawar manaja, sai an yi watanni ana neman madadinsa, sannan a yi wasu watanni kafin sabon ya kama hannu, duk a cikin wata 18 ɗin da kake tattalawa.

Batun dogon aiki kuwa, ba ra'ayi ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka kwatanta da aikin awa 35 zuwa 40, kuma sun danganta mutuwar kimanin mutum 745,000 a shekarar 2016 da wannan. A ƙasar Sin kamfanonin fasaha sun daɗe suna tafiya a kan tsarin da ake kira 996, wato daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, awa 72 ke nan. Jack Ma ya yabe shi a 2019, amma a watan Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar da ma'aikatar ƙwadago suka bayyana cewa ya saɓa wa doka. Faransa kuma tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki.

Ba na musun cewa akwai makon da dole a kwana a kan aiki. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi ma'aunin biyayya, har mai aika saƙo da tsakar dare ya zama abin koyi, uwa mai shayarwa ko mai jinyar iyaye kuma a riƙa yi musu kallon marasa himma alhali aikinsu yana fita. Haka ma hutun da ake cewa ba shi da iyaka, a wurin da manaja ba ya zuwa hutu babu wanda zai yi ƙarfin halin nema, don haka ni na fi son a rubuta mafi ƙarancin kwanakin da dole kowa ya ɗauka.

Akanta:

Ina so in tsaya a kan jimlar Yallaɓai ta ƙarshe, cewa ana ba ma'aikaci hannun jari a madadin wahalarsa, domin a nan ne na fi ganin mutane suna shiga abin da ba su fahimta ba. Abin da ake bayarwa a mafi yawan lokuta ba hannun jari ba ne kai tsaye, damar sayensa ce a kan wani farashi da aka tsayar. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne damar ta nuna, wato ta zama mallakar ma'aikaci, a hankali cikin shekara huɗu, kuma wanda ya tafi kafin ya cika shekara ɗaya bai samu komai ba. Idan ya cika shekara sai a ba shi kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuma su riƙa zuwa wata-wata. Idan ya bar aiki, yawanci ana ba shi kwana 90 ya biya kuɗin abin da ya nuna daga aljihunsa, in ba haka ba ya rasa, kuma abin da zai saya ba shi da kasuwar da zai sayar da shi muddin kamfanin bai shiga kasuwar hannun jari ba. Ƙari a kan haka, duk lokacin da sababbin masu zuba jari suka shigo, kason kowa yana raguwa, kuma yarjejeniyarsu takan ce idan aka sayar da kamfanin su za a fara biya kafin ma'aikata. Idan aka sayar da shi a ƙasa da abin da suka zuba, ma'aikaci zai iya tashi da hannu wofi bayan shekarun da ya yi yana kwana a ofis.

WeWork, kamfanin da ke ba da hayar ofisoshi, misali ne da kowa ya gani. A farkon 2019 an ƙiyasta darajarsa a dala biliyan 47, a watan Satumba shirin shiga kasuwa ya rushe, Adam Neumann ya sauka daga shugabanci da makudan kuɗi a yarjejeniyar tafiyarsa, a watan Nuwamba aka sallami ma'aikata kusan 2,400, a Nuwamban 2023 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda fatara.

Sannan ina so mu tuhumi saurin girman kansa, domin tun farkon muhawarar nan muna ɗaukarsa kamar ruwan sama ne da ya sauko. Ɗaukar ma'aikata shawara ce. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tana da ma'aikata kusan 45,000 a ƙarshen 2019, zuwa Satumban 2022 sun haura 87,000. A watan Nuwamban shekarar aka sallami 11,000, kuma Mark Zuckerberg da kansa ya ce ya yi zaton bunƙasar cinikin intanet ta lokacin annobar korona za ta ɗore, bai zama haka ba. A Maris na 2023 aka sanar da wasu 10,000. A Janairun 2023 Google ta sanar da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma 18,000. Abin da ya sauya a tsakani shi ne babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a 2023, kuɗi ya yi tsada, masu zuba jari suka daina tambayar girma suka koma tambayar riba. Ma'aikacin da aka sallama bai yi wani laifi ba, an ɗauke shi ne a kan hasashen da bai tabbata ba. Waɗanda suka tsira kuma sun koyi darasin da babu rubutun bangon da zai goge shi.

Mai Kamfani:

Malam Akanta, ban musa ko ɗaya daga cikin alƙalumanka ba. Amma wanda ya ƙi ɗaukar mutane a lokacin da abokan hamayyarsa suke ɗauka, zai iya wayar gari kasuwar ta tafi ta bar shi, kuma a nan ma ma'aikatansa ne za su rasa aiki. Mai kamfani yana zaɓa ne tsakanin haɗari biyu. Abin da na ɗauka daga Hajiya shi ne batun haziƙi mai wulaƙanci, wannan kam hujjarta ta fi tawa ƙarfi.

Tsohon Manaja:

Akwai abu ɗaya da ba a taɓa ba, kuma shi ne yake zuwa da zarar kamfani ya kai 'yan ɗaruruwa, wato tsarin auna ƙwazo. Da yake shugabanni ba su san kowa da fuska ba, sai su nemi a jera musu ma'aikata daga na sama zuwa na ƙasa, a tilasta wa kowane manaja ya fitar da wani kaso a matsayin marasa ƙwazo ko da rukuninsa duka gwanaye ne. Jack Welch ya shahara da wannan lokacin da yake shugabantar kamfanin General Electric, Microsoft ma ta yi amfani da irinsa shekaru da yawa kafin ta soke shi a Nuwamban 2013. Illarsa ita ce abokin aikinka ya zama abokin takararka, gwani ya guji shiga rukunin gwanaye, wanda ya ɓata lokacinsa yana koya wa sabuwar shiga kuma ya ga an wuce shi. Malam Injiniya, kafin ka yanke hukunci a kan kamfaninku, ka nemi ganin takardar da ake cikewa wajen ƙarin girma. Idan babu gurbin koyar da wasu, babu gurbin ra'ayin waɗanda ke ƙarƙashin mutum, to wanda aka ɗaga a sashenku ba kuskure ba ne, takardar ce ta zaɓo shi, kuma za ta sake zaɓo irinsa.

Injiniyan Manhaja:

Na ga takardar, Alhaji, kuma babu gurbin ko ɗaya daga cikin biyun. Zan kai maganar ga shugaban sashen fasaha a rubuce, tare da wasu abokan aiki, tunda tsarin ƙarin girma na zagaye mai zuwa bai kammala ba tukuna.

Sabuwar Shiga:

Malam Akanta, ina da tambaya a kan kwana 90 ɗin nan. A takardar ɗaukata an rubuta adadin hannun jarin da za a ba ni damar saya, amma ba a faɗi komai bayan haka ba. Me ya kamata in tambaya, kuma tambayar ba za ta sa a yi mini kallon mai shirin tafiya ba?

Akanta:

Ƙanwata, adadin shi kaɗai ba ya gaya miki komai sai kin san jimillar hannun jarin kamfanin gaba ɗaya, har da waɗanda aka ware don bayarwa nan gaba, domin daga nan ne za ki fitar da kasonki. Ki nemi a ba ki a rubuce farashin da za ki saya da shi, da jadawalin nunarsa, da tsawon wa'adin saye bayan barin aiki, da abin da zai faru da ɓangaren da bai nuna ba idan aka sayar da kamfanin. Ki kuma tambayi masanin haraji na ƙasar da kike zaune, domin a wasu ƙasashe ana bin mutum haraji tun ranar da ya saya, kafin ya sayar ya ga ko kwabo. Wa'adin kwana 90 ba dole ba ne a kowane hali, kamfanin Pinterest ya tsawaita nasa zuwa shekara bakwai a 2015 ga waɗanda suka yi aƙalla shekara biyu, don haka abu ne da ake iya nema. Ki aika tambayoyin ta imel zuwa sashen kula da ma'aikata ko sashen kuɗi maimakon manajanki, domin aikinsu ne su amsa, kuma ki ajiye amsar a wurin da ba na kamfanin ba.